Murfin da Na Zare wa Ɗanladi

Shekara tara ke nan da rasuwar Ɗanladi, abokin aikina, amma wallahi har yau in aka yabe shi a gabana sai in sauya zance.

Tare muka fara haɗa kwamfutoci a ofisoshin Maitama. A lokacin waya ɗaya ce tal take bi ta bayan kowace kwamfuta, tebur zuwa tebur, kuma kowane ƙarshenta sai an ɗaura masa ɗan murfin ƙarfe da ke shanye saƙo, kada ya dawo ya rikita na baya. Murfi ɗaya ya fita, ko wayar ta tsinke a wuri guda, ofis gaba ɗaya ya tsaya cik. Ni sai in yini ina rarrafe a ƙarƙashin tebura. Shi kuwa tsakiyar wayar yake zuwa ya raba ta biyu, ya sa murfi, ya ga ɓangaren da ya farfaɗo, ya sake raba marar lafiyar. Kafin shayin oga ya huce ya gama. Kullum "A kira min Ɗanladi!" Ni fa? Mai riƙe tsani.

Da aka ce za a naɗa ɗayanmu shugaban masu gyara, zuciya ta ɗebe ni. Na lallaɓa ofishin da aka ba shi, na zare murfin da ke bayan wata ƙatuwar kabad, don ya ji kunya a gaban oga. Ina! Ya bi wayar har can, ya ciro wani daga aljihu ya ɗaura, ya ce wa oga murfin kwancewa ya yi. Shi aka naɗa.

Yau kowace kwamfuta da tata wayar, ta ɗaya ta lalace sauran ba ruwansu. Da yana nan da ya ce an sangarta masu gyara. Amma a na'urorin ƙofofi da janareto tsohon tsarin yana nan, kuma da dabararsa nake cin abinci. Ana ce min Injiniya, ban taɓa faɗin mai ita ba.

Makon jiya na je kasuwar Kado wajen Talatu matar Ɗanladi, mai sayar da kifi, in sauke abin da ke raina. Ban kai rabi ba ta katse ni.

"Haba Baban Sadiya, ai ya sani. A ranar ya gaya min. Ya ce kada in kuskura ka gani a fuskata."

Na yi tsaye da ledar kifi a hannu. Allah ya jiƙan Ɗanladi. Dabarar wayarsa na kwashe ta tas, amma wannan halin nasa, har yau ban san ta inda zan kama ba, kuma yana ba ni haushi.