Gaisuwa a Kan Sirdi

Daga ƙauyenmu har ka dangana da Tsanyawa babu wanda ya san halin doki kamar ni. Haka nake faɗa a majalisa, haka nake faɗa a teburin mai shayi, har a gidan suna na sha faɗa. Nakan ce in doki ya kaɗa kunnen hagu na san abin da ya ci jiya, in ya kaɗa na dama na san abin da yake shirin yi gobe. Mutane su yi dariya, ni ma in yi, amma a can cikin raina na yarda da rabin maganar.

Sai Allah ya haɗa ni da wani akawal, baƙi wuluk, dogo, mai kyan ƙira. Wanda ya rabu da shi ya ce mini lokacin kula da shi ne ba shi da shi. Ban yi sati ba na gane ba lokaci mutumin ya rasa ba, haƙurinsa ne ya ƙare. Dokin nan in kaza ta buɗe fiffike sai ya zabura. In iska ta ɗaga leda sai ya tsaya cak yana huci, jijiyoyin wuyansa sun miƙe kamar igiyar guga. Linzami kuwa tauna shi yake kamar an ce masa rake ne.

Mu gidan gandu ne. Tun rasuwar Baba, Yayana ne babba: gona ɗaya, rumbu ɗaya, harawa ma ɗaya, kuma a cikinta shanun huɗa da tumakin mata da dokina duk suke ci. Yaya mutum ne da ba ya yawan magana, kamar duk maganar da aka raba wa gidanmu ni na kwashe. Ya yi ta zuba wa akawal ido, har ranar da dokin ya tsinke daga turke ya shiga gonar gyaɗar maƙwabcinmu ya yi birgima a tsakiyarta. A wajenmu kuwa gona ba ta da gefe. Inda taka ta ƙare nan ta wani ta fara, babu inda doki zai yi hauka bai taka abincin wani ba. Yaya ya je ya ba da haƙuri, ya dawo ya same ni a zaure.

"Da an gama girbi," in ji shi, "ka kai shi kara ranar kasuwa."

Na ce, "Yaya, yaro ne, zai yi hankali."

"Kai ma haka Baba ya yi ta cewa."

A daidai wannan daminar ne wani likitan dabbobi da ya yi ritaya ya dawo gida da zama, da goɗiyarsa mai sanyin hali kamar ta yi karatun allo. Ya tara mu masu dawakin yankin, mu 'yan kaɗan da muke fita kilisa da yamma, ya ce yana so mu yi wata gasa da ya taɓa gani a wurin aikinsa. Ya kira ta gasar ladabin doki. Babu tsere, babu kwalliya. Za a zana fili da toka, mahayi ya shiga shi kaɗai, ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya kewaya, ya tsaya a tsakiya, ya ja da baya, ya fita. Babu bulala, babu kaimi, hannu biyu a kan linzami, kuma ba a magana. Alƙalai su ba da maki a kan natsuwar doki.

Na ce, "Likita, to in ba gudu ba ihu, me mutane za su kalla?"

Ya ce, "Za su kalli doki yana sauraron mai shi."

"Ba a magana kuma yana saurare?"

"Shi ne gasar."

Ban gane ba, amma na ce na gane tun kafin ya fara bayani. Aka sa ranar wata Asabar bayan girbi, don kada ta hau Juma'ar wasunmu ko Lahadin wasunmu, a filin ƙwallon firamare. Na koma gida na tari Yaya da ciniki: in akawal ya shiga filin nan ya fita bai yi tutsu ba, bai tsallake toka ba, a bar mini shi. Yaya ya ce ya yarda, amma in ya tsallake, daga filin ba gida zai dawo ba.

Nan ruɗanina ya fara. Tsakanin gidanmu da makarantar akwai siririyar hanya da ta ratsa gonaki, gero dama dawa hagu, ganye na shafar likkafa. A kan hanyar nan akawal tunkiya ne. Ya sauke wuya, ya saki kunnuwa, yana takawa a hankali, ni kuwa ina ta sannu da aiki da masu noma, wannan ya tambayi gida, wancan ya tambayi mai jiki, in ɗaga wa na nesa hannu, in tsokani na kusa. Da mun fito fili kuwa, na gyara zama, na kama linzami da hannu biyu, na rufe bakina kamar yadda doka ta ce, sai ka rantse an musanya mini doki a bakin hanya. Wuya ya sandare, gumi ya keto, ya riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa. In na ce tsaya ya yi gaba, in na ce ja da baya ya miƙe tsaye yana dambe da iska.

Likita ya ce in sassauta hannu. Na ce, "Likita, hannun nan ko ƙwai na riƙe da shi sai ya ƙyanƙyashe don taushi." Ya ce to in riƙa numfashi. Na ce tun da aka haife ni nake yi, ban taɓa fashi ba. Ya girgiza kai ya koma wajen goɗiyarsa.

Na canza linzami. Na rage masa dawa na ƙara dusa. Wani ya ce kanwa ta yi masa yawa, na rage. Wani ya ce ta yi kaɗan, na ƙara. Wata tsohuwa ta ce filin makarantar tsohuwar mahauta ce, ƙarnin jini yake ji, ta ba ni hayaƙi, na turara shi har ya yi atishawa a fuskata. Malaminmu ya yi masa rubutu, dokin ya sha rabi ya ƙi rabi, na shanye sauran don kada a zubar. A cikinmu babu wanda ya canza.

Da aka fara yankan gero sai wata dabara ta faɗo mini, wadda na ɗauka ko Likita bai kai can ba. Na ce dokin nan ɗan gonaki ne, ya saba da matsi, sarari ne yake tsoro. Na aro zanaki na kafa su layi biyu a bayan gida, na yi masa lungu irin na hanyar gona, da niyyar in riƙa buɗa lungun kaɗan-kaɗan har ya zama fili bai sani ba. Na hau, na kama linzami da hannu biyu, na yi gum, muka shiga. Ya harbi zanan dama, ya ciji na hagu, ya fito da ni ta tsakiya da guntun zana a wuyana. Uwargida tana leƙowa ta kan danga ta ce, "Malam, wannan ma cikin gasar yake?" Ban amsa ba, domin ba a magana.

Ranar Asabar ɗin filin ya cika. Mutanenmu ba su san me za a yi ba, shi ya sa kowa ya zo. Likita ya sa an zuba toka, an ajiye wa alƙalai benci a ƙarƙashin darbejiya, yana ta kora mutane baya suna dawowa. Wani dattijon coci daga unguwar gabas ya fara shiga da tsohon dokinsa, ya yi komai daidai, ya fita, babu wanda ya tafa domin an zaci bai fara ba tukuna. Na hango Yaya tsaye daga can gefe, hannu a baya, kusa da wani dillalin dabbobi da ban san wanda ya gayyato shi ba.

Aka kira ni. Muna taka toka akawal ya sandare. Na ji bayansa a ƙarƙashina kamar icen da aka tanƙwara. Muka doshi kusurwar farko a karkace, ƙafarsa ta baya tana neman layi, ni kuwa na ƙanƙame linzami, ina karanta duk abin da na haddace a zuci.

A kusurwar nan, dab da toka, wa zan gani zaune a kan kujerar roba, da sandarsa a tsakanin gwiwoyi? Surukina, mahaifin uwargida. An ɗauko shi a babur daga garinsu don ya ga mijin 'yarsa, kuma babu wanda ya gaya mini. Mutumin da ko a ƙasa na gan shi sai na cire takalmi na durƙusa, ga ni a sama da shi a kan doki, zan wuce shi baki a rufe a gaban gari guda. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na duƙa a kan sirdi har gemuna ya taɓa gezar doki, na saki hannun dama na dafe ƙirji.

"Baba, barka da zuwa. An zo lafiya?"

Tsohon kunnensa ya yi nauyi. Ya ce, "Iye?"

Kafin in maimaita mun wuce shi. Sai da muka kai tsakiyar dogon layi na lura da wani abu: babu kaguwa. Akawal ya sauke wuya yana takawa ɗaya bayan ɗaya kamar muna hanyar gona. Na ce alhamdu lillahi, rubutu ya fara aiki. Na miƙe, na mayar da hannu biyu, na rufe baki. Nan take ya ɗaga kai ya fara rawa. Likita ya miƙe daga benci yana yi mini alama da hannu, ban san ko cewa yake in yi shiru ko in ci gaba ba.

Gasar kuwa kewaye ce, dole ka dawo inda ka wuce. Muka sake zuwa kusurwar, tsoho ya ɗago sanda.

"Na ce yaya iyali?"

"Lafiya lau, Baba! Yaya ƙafar?"

"Kaka? Kaka ta yi kyau, sai dai wake."

"Allah ya ƙara sauƙi!"

Doki ya sake yin laushi. Da mutane suka ga ashe ana gaisawa, sai kowa ya kawo tasa. Mai shayi ya ce sannu da hawa. Maƙwabcinmu mai gyaɗa ya ce a dai bi a hankali, akwai gonaki a kusa. Wata gwaggona ta tambayi ko an yaye autanmu. Ni kuma ba a gaishe ni in yi shiru, ba a haife ni da wannan ba. Na amsa dama, na amsa hagu, linzami yana lilo a hannu ɗaya. A haka muka yi sassarfa, a haka muka kewaya. Wurin tsayawa a tsakiya ina cikin ba wa wani labarin yadda zana ya kama ni, sai na ga mun tsaya, ƙafafu huɗu a jere, ban san lokacin da na nema ba. Na ɗan zame a sirdi don in ji abin da surukina yake cewa, akawal ya ja da baya a natse, taku bayan taku. Muka fita ta inda muka shiga, toka ba ta san mun zo ba.

Filin ya ɗauki tafi da guɗa. Na sauka ina jin kaina kamar in ba da lacca.

Alƙalai suka daɗe suna gardama. Daga ƙarshe Likita ya tashi ya ce dattijon coci ne na ɗaya. Ya ce a natsuwa babu dokin da ya kai akawal yau, amma mahayinsa ya karya dokar hannu, ya karya dokar baki, ya karya wata ma da ba su riga sun kafa ba, don haka ni ne na ƙarshe. Na bi shi ina tambaya: to na ci ko na faɗi? Ya ce duka biyun. Na ce to me ya gyara dokin, rubutu ne, ko hayaƙi, ko kanwar da na ƙara? Ya ce lokacin da nake gaisuwa hannuna ya saki, bayana ya saki, numfashina ya dawo. Na ce ai kuwa lokacin da nake gaisuwa ko tunawa da doki ban yi ba. Ya ce yawwa. Na ce yawwa me? Ya ce in je in yi tunani. Har yau ina yi. In mantawa da doki ita ce iya doki, to shekarun da na yi ina karanta kunnuwa fa? Kuma yaya mutum zai manta da abu da gangan, ranar da aka sa, a gaban alƙalai?

Abin da ya fi damuna dai ba maki ba ne. Na ja akawal na nufi inda Yaya yake. Dillalin yana ta zagaya dokin da ido, har ya kai hannu zai buɗe masa baki. Na ƙarshe na zo, kuma ban san yadda Yaya ya lissafa abin ba.

Na ce, "Yaya, bai yi tutsu ba. Bai taka toka ba."

"Na gani."

"To?"

Ya karɓi ragamar daga hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya shafa wuyan akawal, ya ce wa dillalin ya yi haƙuri, babu ciniki. Sannan ya dube ni daga hula har takalmi.

"Doki ya zauna," in ji shi. "Dabbar da ta ɗauke ka da surutunka ta kai ƙarshen fili ba ta yar da kai ba, ta cancanci harawarta. Kai ne dai ban san wanda zai taya ba."