Alluran da Babban Yatsana Ya Kwantar

Aikina cika wa ƴan kasuwa takardun duwan ne, wato kwastan, a wani ƙaramin buro, ofishinmu da ke kan hanyar iyaka a Birnin Konni, kuma aikin nan ya ɓata ni. Na ga kwalin da aka rubuta wa sabulu, aka buɗe aka tarar da batir. Na ga atamfar da ta zuba tun kafin ta ga ruwa. Saboda haka ba na cinikin biri a sama, kuma duk abin da babban yatsana bai murza ba, ban yarda da shi ba. Matata takan ce ko ruwan Zamzam aka kawo mini sai na tambayi takardarsa.

To, ni ɗin nan ne na tashi haɗa kwamfutar wasa da hannuna. Na san abin dariya ne ga magidanci mai ƴaƴa uku, amma tun ina lakwal, ina ɗan makaranta, nake bin layi a ɗakin wasan bayan tasha, kuma tun lokacin na ci alwashin wata rana zan buga ƙwallo in tuƙa manyan motoci a ɗakina, ba mai ce mini lokaci ya ƙare. Akwatin da fankokin da sauran tarkacen na tara su a hankali. Ya rage abu biyu: furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da kartimer, faifan nan da kowane abu yake zama a kansa.

Mutum ɗaya ne ya kamata in nufa, taubashina, ɗan kawuna, mai shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa. Gida ɗaya muka tashi, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ba mu taɓa gaisuwar arziki ba, in ya hango ni sai ya ce ga bawansa nan, ni kuma in tambaye shi wayar wa ya kashe yau. In aka cire matata, ba ni da wanda ya kai shi kusa da ni a duniya.

Na ce masa furosesa mafi girma nake so, mai zuciya goma sha biyu. Ya ajiye abin da yake yi ya dube ni.

"Kai bawa, jirgin sama za ka tadawa? Wasan ga naka zuciya shidda ta ishe shi. Babbar ga wuta ta ka ci, kuma zahi ta ka yi. Kai da ba ka da kilim mai sanyaya ɗaki, in bazara ta kama sai ta dahe maka ƙwai. Ɗauki matsakaiciya, ka sa ƙarhinka ga kartimer mai kyau, wadda in ka so canza furosesa gaba ba sai ka yada ta ba."

Ya bayyana mini cewa kowace kartimer da irin gurbinta, furosesar wani kamfani ba ta zama a gurbin wani, kamar yadda tayar kabu-kabu ba ta shiga amalanke. Magana ce mai kyau. Amma yana yi ina kallon wani kwali da ke kan kanta a bayansa, ya yi ƙura. Zuciyata ta ce mini, ka ga kwantan da ake son a sauke a kanka.

Na koma na bincika a waya, na ga abin da ya faɗa ne. Na tambayi wani jandarma da ke zuwa buronmu, wanda na san mayen wasa ne, shi ma ya ce zuciya shida. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni sai na fara tunanin ko taubashin nawa ya riga ni zuwa wurin jandarman. Daga ƙarshe na yarda da zaɓinsa, amma na kafa sharaɗi: daga Sakkwato za a kawo, sabo dal, ba na kan kantarsa ba. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce an gama, Alhaji mai duwan.

Bayan mako guda ya kawo mini har gida. Kwalin furosesar a liƙe yake da tambarinsa. Na kartimer kuwa ba liƙi ko ɗaya, da yatsa ɗaya murfin ya tashi.

"Wanga fa?" na ce.

"Hakanan su ka zuwa. Ka ga baƙin marhin ga na roba da ag ga tsakiya? Kak ka ɗaga shi. Suna za ni Bazaga, jibi in na komo mu haɗa ta tare."

Ya hau babur ya tafi, ya bar ni da kwali marar liƙi da kuma marfin da aka hana ni ɗagawa. A sana'ata, inda aka ce kada ka duba, nan kayan suke.

Washegari da azahar na shimfiɗa tabarma a ɗaki, na jingina wayata da buta, na kunna bidiyo, kamar yadda muke yi a buro in za a buɗe kayan da ake jin za a yi gardama a kansu. Hujja nake haɗawa a kan ɗan kawuna, kuma a lokacin ban ji komai a raina ba, sai ma jin kaina da nake yi gwani. Na ɗaga marfin. A ƙarƙashinsa akwai ƴan allurai sirara masu ruwan zinariya, jere reras, sun fi ƙarfin ƙirga. Na ce bari in ga ko fenti ne. Na sa babban yatsa na murza, na duba yatsan, ba abin da ya fita. Na sake murzawa da ɗan ƙarfi. Ko a mafarki ban zaci yatsa zai iya yi wa ƙarfe wani abu ba.

Daga nan na ga ba dalilin jiran jibi. Na bi wani bidiyon koyarwa, na ɗora furosesar, na danne ta, na haɗa wayoyi, na kunna. Fanka ta juya ta tsaya. Na sake, ta juya ta tsaya, allo baƙi ƙirin. Da na cire furosesar na haska gurbin da tocila, sai ga alluran gefe guda a kwance kamar geron da iska ta bi ta kansa. Wallahi daɗi na ji. Abin kunya ne, amma daɗin cewa zatona ya tabbata ya fi mini baƙin cikin kayan.

Ranar da ya dawo ranar kasuwa ce, shagon cike da mutane. Na dire kwalin a kan teburinsa na ce ya sayar mini da mataccen kaya. Ya ɗauka wasan da muka saba ne, ya fara ramawa yana dariya. Na ce ba wasa nake ba. Na ce ya ci amanata, kuma tun ranar farko na san tsohuwar da ke kan kanta zai sauya mini. Na faɗi wannan da ƙarfi, a gaban masu kawo masa gyara.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya juya ya sauko da kwalin nan mai ƙura ya buɗe, babu komai a ciki sai tsofaffin caja.

"Ka ɗaga marhin?" ya ce.

"Na ɗaga, kuma ina da shaida."

Na fito da waya na kunna bidiyon, na miƙa wa wani dattijon tela, maƙwabcin shagonsa, na ce baba ya gani da idonsa. Mutane suka leƙo. Ga marfi ya tashi, ga allurai a tsaye ƙyam, kowace a inda take. Sai ga wani ƙaton yatsa ya shigo daga gefe ya bi ta kansu, ya fita, ya sake dawowa. Da ya janye a karo na biyu, ko makaho ya ga abin da ya faru.

Telan ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, yatsan ga dai naka na." Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira taubashina ya yi mini tsiyar da za a shekara ana ba da labarinta, don na cancanta, kuma da ya yi da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya rufe kwalin ya ce in bar kartimer ɗin a nan.

Da yamma na je gidansa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi. Magana zarar bunu ce, na riga na zare.

Kwana huɗu ya yi a kan alluran nan, da gilashin ƙara girma da bakin allurar likita, yana ta da su ɗaya bayan ɗaya. Telan ne ya gaya mini, ya ce har gyaran mutane ya ajiye. A rana ta biyar ya aiko in zo da akwatin. Ya haɗa komai a gabana, ya kunna, allo ya kawo haske. Zaɓinsa kuma daidai ne, har yau ba wasan da ya gagare ta, ko a tsakiyar bazara.

Na miƙa hannu zan ɗauka, sai ya ce in dakata. Ya leƙa waje ya kira telan.

"Baba, don Allah zo ka tsaya. Ga kayan mutumen ga, ka gani suna aiki. Malam, duba da kyau gaban shaida, in akwai abin da bai yi maka ba ka hwaɗi yanzu."

Telan ya tsaya a bakin ƙofa da almakashi a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Na ce komai ya yi. Na rungumi akwatin na fito, kuma har na kai bakin titi ina jinkirta tafiya, ko zai jefo mini wata baƙar magana daga baya. Abin da na ji kawai shi ne yana tambayar wata mata me ya samu wayarta.