Rogon Ruwa

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata, mu uku ne a shagona da ke Jimeta: ni, da maƙwabcina mai ɗinke littattafai, da ɗan yayana. Ɗan yayan nawa yana shekarar ƙarshe a jami'a, sashen Hausa, ya kawo kundin digirinsa in buga masa. Ranar Juma'a za a rufe karɓa. Wanda bai miƙa ba sai baɗi.

Karatuna bai wuce sakandare da makarantar koyon tafireta ba, amma ina da tsari. Da farko in karanta, sannan in sa lamba a shafi, sannan in buga.

Kundin a kan masuntan tafkin Njuwa ne, da rubutun hannunsa. A shafi na sha bakwai, cikin jerin sunayen kifi, na ga "rogon ruwa". Na ajiye biro.

Shekarun baya na buga wa wata ɗaliba kundi a kan masuntan nan. Ita da ƙafarta ta yi ta zuwa tafkin, takardunta har ƙarnin kifi suke yi. Ragon ruwa ta rubuta, yatsana ne ya kauce ya buga rogon ruwa. Sai da aka ɗinke aka miƙa muka lura, ta yi dariya, ni ban yi ba.

Na ce wa ɗan yayana, "Ka je Njuwa?"

"Sau uku, Goggo."

"Yaya suke cin rogon ruwa?"

Ya ce, "Dafawa suke yi, su barbaɗa ƙuli."

Maƙwabcina ya ce, "Ashe rogo ya fara iyo. Da ƙugiya ake kama shi ko da fartanya?"

Na gaya wa ɗan yayana abu uku a jere. Kifi ne. Kuskuren nawa ne. Ba zan buga ba.

"Goggo, kowa haka yake yi. Malamin ma ba karantawa zai yi ba."

"Ni na karanta."

Da yamma yayana ya taso daga Adarawo. Ya ce wasali ɗaya ne, in gyara kawai, kada in sa ɗansa ya maimaita shekara. Na ce wasalin zan iya gyarawa, amma sauran shafi sittin ɗin na waccan ɗalibar ne, kwafa ya yi. Wata biyar bai taka shagona ba.

Akwai masu kwamfuta birjik a layinmu, ɗan nasa bai kai musu ba. Kunya ce ko tsoro, ban tambaya ba. Ya maimaita shekarar, ya je tafkin, ya dawo da shafi arba'in masu ƙarni. Na buga, na duba sau biyu.

Tsohon kundin yana nan a laburaren sashen. Idan ka ci karo da shi, mai karatu, ina roƙonka kada ka gyara shafi na sha bakwai. Bar rogon a inda yake.