Goron Baba Mudathir Ya Je Balensiya

Da an sallame sallar asuba a masallacin Zongonmu na Sokode, kowa tsayawa yake gaisuwa, ban da Baba Mudathir. Shi silifas yake zurawa ya nufi rumfar mahauta. Kafin nama ya iso daga mayanka ya riga ya kwarara wa teburan siminti goma sha huɗu ruwa, ya dirje su da burushi, ya zura hannu cikin magudana ya zaro abin da ba zan rubuta ba, don wataƙila mai karatu na cin abinci. In kasuwa ta watse da la'asar ya sake. Shekara talatin da huɗu ke nan, da bokiti ɗaya da tsintsiya.

Ni ɗan mahauci ne, a gindin teburan nan na girma kafin na zama malamin makaranta. Amma in gaya muku gaskiya, tsabtar rumfar na ɗauke ta kamar fitowar rana, abin da ke faruwa da kansa. Ƙanena Huseini, wanda ke riƙe da teburin mahaifinmu, shi ya tuna mini ranin da famfo ya ƙafe kwana goma sha tara, Baba Mudathir ya riƙa turo jarkoki a baro daga rijiyar bayan makaranta, sawu shida kowace safiya. Hajiya Salamata mai koko ta ce shekarar da amai da gudawa ya shigo gari, masu duba tsabta daga mairi, wato ofishin magajin gari, sun zagaya rumfar har sau biyu suna neman abin rubutawa, suka fita da takarda fara.

Yanzu gwiwa ta ƙi. 'Yarsa Zalia ta kafe sai ya koma wurinta a garin Dapaong ƙarshen watan nan. Sarkin Pawa ya yi cigiyar wanda zai karɓi bokitin, samari suka ce gara su yi zemijan, wato acaɓa, su sha rana a kan babur. Babu magaji, kuma wannan ne ke hana tsohon barci.

Ana cikin haka Ridwan, ɗan yayata da ke tuƙin babbar mota a ƙasar Sifaniya, ya aiko mini da tikiti in je sunan ɗansa a birnin Balensiya. Ana gobe zan tashi Baba Mudathir ya tare ni da ƙullin ganye, goro goma fari a ciki. Metir yake kirana, yadda ake kiran malamin makaranta a nan.

"Metir, an ce garin yana da babban kasuwa. Kowane kasuwa yana da mai wanke shi. Ka kai masa wannan, ka ce ɗan'uwansa na Sokode yana gaisuwa. Ka tambayo mini yadda ya yi ya samu magaji."

Na ce, "Baba, in ban same shi ba fa?"

"In akwai nama, akwai shi."

Baƙo makahon gari ne, amma ni makantata ta wuce misali. Bayan suna Ridwan ya ɗauke ni ganin gari, goro na aljihun rigata cikin jiƙaƙƙen hankici. Ya kai ni wani wuri ya ce da can kogi ne, suka kore shi suka yi lambu a gadonsa. Ban gama fahimtar yadda ake korar kogi ba sai ga wani farin gini ya ƙura mini ido, ido sosai, har da fatarsa, kwance cikin ruwa. Kusa da shi wani kamar haƙarƙarin sa bayan an gama fiɗa. Na tambayi Ridwan yaushe za a ƙarasa ginin, ya ce, "Kawu, ai an gama tuntuni." Na nemi ƙofa na rasa, na tura gilashi ashe bango ne. Da na hango wani mutum cikin ruwan yana share shi da doguwar sanda, har na zura hannu aljihu. Ridwan ya riƙe ni. "Kawu, wannan ba kasuwa ba ce."

Washegari muka shiga tsohon gari. Akwai wani zauren dutse na 'yan kasuwar siliki na da, ginshiƙansa a murɗe kamar igiyar ɗaure sa, sama can sun baje. Na cire hula don na zaci wurin ibada ne, aka ce mini ciniki ake yi a nan. Muka tsallaka titi zuwa wani gini mai ƙubba da gilasai masu launi, na ce to wannan kam coci ne. Ridwan ya ce, "Kasuwar ke nan."

Na tsaya a bakin ƙofa na ce ya fara kai ni wurin Sarkin Pawansu, don ɗan mahauci ba ya shiga rumfar wasu bai gaida mai rumfa ba. Ya ce babu. Sarkin kasuwa fa? Ya ce akwai ofis. Na rasa yadda ake gaida ofis, sai na durƙusa wa wani mai gadi, shi kuma ya zaci faɗuwa zan yi, ya tallabe ni.

A ciki kaina ya ƙara ɗaurewa. Rufin ƙarfe ne can sama, haske na zubowa ta ƙubba, bango duk tayil. Ga lemo, ga kifi a kan ƙanƙara, ga cinyoyi rataye jere. Kallo ɗaya na yi wa kofaton na san ba na rago ba ne, na kau da kai. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne ga nama ko'ina amma ban ga ƙuda ba, kuma ban ga mai bokiti ba. Na zagaya sau uku. Na leƙa hankici, goro biyu sun fara yamutsewa. Da wace fuska zan koma Sokode da saƙon tsoho a aljihu?

Sai wajen ƙarfe uku, da masu kaya suka fara rufewa, wata mata mai furfura ta fito sanye da safar hannu ta roba shuɗiya, tana tura wata na'ura mai wanke daɓe. Sunanta Amparo. Na miƙa mata goron da hannu biyu, Ridwan na fassara. Ta zaci sayarwa nake. Da ta gane kyauta ce ta gutsura ɗaya, fuskarta ta tattare, amma ta haɗiye, Allah ya saka mata.

Ta ce, "Su nawa ne ke wanke taku kasuwar?"

Na ce, "Mutum ɗaya."

"Da wane inji?"

"Bokiti."

Na faɗi shekarun, ta sa Ridwan ya maimaita. Sai na yi mata tambayar Baba Mudathir. Ta daɗe ba ta gane ba, don su ba gado ake yi ba, in ta tafi wani za a ɗauka. Can ta ce, "Tsaya. Teburan ma shi ke wankewa? Mu hanya kawai muke wankewa. Kowa shi ke wanke inda ya sayar." Ta nuna mini. Na waiga, ga masu nama kowa da soso a hannu yana dirzar wurinsa.

Shekara sittin da uku ina duniya, rabinsu ina koya wa yara lissafi, ban taɓa haɗa teburi goma sha huɗu da mahauta goma sha huɗu ba. Kunya ta kama ni a tsakiyar kasuwar mutane. Amparo ta zare safar hannunta ta ce in kai wa abokin aikinta.

Baba Mudathir, kai ne ka ɓata mu. Ka yi aikin har muka manta aiki ne. Kai ne farkon shiga, ƙarshen fita, wanda muka ci nama a bayansa shekara talatin da huɗu cikinmu lafiya, ba mu taɓa duba tafin hannunka ba. Ranar da na kawo maka safar, na ce maka mace ce ta aiko da ita, na duba. Ruwa da omo sun tsattsage shi, yatsun sun kumbura sun lanƙwashe, safar ta ƙi wuce gaɓa ta biyu.

Ka yi dariya ka ce, "Metir, wannan ya zo latti. Ta ci goron?"

Na ce ta ci. Na gaya maka abin da ta ce a kan teburan. Ka dubi rumfar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka ce, "To ai ban taɓa tunanin in ce musu ba." Sannan ka rataye safar a ƙusar da ke saman bokitinka.

Ranar Juma'a motar Dapaong za ta tafi da kai. Mun gode, Baba. Allah ya hutar da gwiwar nan, ya sa ruwan da ka zuba mana ya zama sanyi gare ka duniya da lahira, ya yafe mana rashin lura.

Ku kuma 'yan rumfa, magajin da ake cigiya ba mutum ɗaya ba ne. Jiya bayan asuba na zare safar daga ƙusa na gwada, ta yi mini daidai, abin da ban so ba. Na wanke teburin mahaifinmu, Huseini na tsaye baki buɗe, Baba Mudathir na zaune kan benci yana nuna mini inda na tsallake. Kafin in gama bayana ya riƙe. Na mayar da safar kan ƙusa. Saura teburi goma sha uku.