Faifan da Bai Lanƙwashe Ba

Yayana bakanike ne, na birki kawai. In ka kai masa mota ka ce tana rawa, ba zai taɓa sifana ba sai ya hau ta tukuna. Zai kai ta miƙaƙƙen titi, ya ba ta wuta, sannan ya taka birki a hankali. In sitiyari ya yi karkarwa a hannunsa, ya ce faifan birkin gaba ne ya lanƙwashe. In kujera ce ta girgiza, na baya ne. Ni ƙaninsa, injin goge faifai gare ni, a rumfar da ke jikin tasa. Shi ya kwance, ni in goge, ya mayar.

Ga faɗa kamar me, kuma duk a kan faifai. Masu wankin mota sun sha nasu: "Ku ba ku da imani ne? Ƙarfe ya ɗau zafi, ku sheƙa masa ruwan sanyi, ba dole ya karkace ba!" Mai faci ma bai tsira ba, wai sai ya ɗaure noti ɗaya tamau ya bar na kusa da shi sako-sako. Direban da ke kwanciya a kan birki a gangara kuwa, cewa yake a ƙwace masa lasin.

Bara abin ya fara. Sai ya kawo min faifai, in ɗora a inji in juya, garau yake. In ce, "Yaya, wannan ai ƙalau yake." Ya ce, "Injinka ne ya tsufa." In ya juya baya, sai in wanke faifan kawai in miƙa masa. Na dai ga yadda shayi ke zuba daga kofinsa. Matarsa ta ce min har maɓallin riga yanzu ita ke sa masa. Duk muka yi gum. Wa zai tari Yaya da wannan magana, mutumin da hannun nan ne abincinsa, shi ne mutuncinsa?

Sai ga motar wata mata mai kai yara makaranta. Faifanta ya riga ya yi siriri, in aka ƙara cinsa, wata rana tsagewa zai yi da 'ya'yan mutane a ciki. Ranar kuwa Yaya ya tsaya a kaina, wai sai ya ga na goge. Na ce ba zan goge ba. Kai, ran maza ya ɓaci! Ya mayar da faifan da kansa, ya ce in hau in ji.

Ya taka birki, ni ban ji komai ba. Wallahi har addu'a na yi motar nan ta yi rawa. Ya gangara gefen titi, ya kashe ta, hannayensa na kan sitiyari.

"Ka ji ko? Har yanzu tana yi."

Ya dubi makullin da ya kashe motar da shi da kansa. Ya ɗaga hannayen daga sitiyarin, suka ci gaba da rawa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya cusa su tsakanin gwiwoyinsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bara, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ni da na zo rarrashi, ni hawaye suka fara zubo wa.

"To kukan me?" in ji shi. Ya buɗe ƙofa da ƙyar. "Zagayo ka tuƙa mu. Motar mutane ce."