Likkafanin Hajiya Mansuratu

Hajiya Mansuratu ta Salaga ba ta taɓa sakin jiki da jikanta Abdul-Wadud ba, kuma in za a faɗi gaskiya, shi ya jawo wa kansa. Ƙauna kam tana ƙaunarsa kamar ranta. Ita ta raine shi tun yana ɗan wata bakwai, da uwarsa ta rasu, ubansa kuma ya bi motocin doya zuwa Kumasi ya koma sai saƙon gaisuwa. Amma ko cewa ya yi rana ta fito, sai Hajiya ta leƙa tsakar gida ta gani da idonta.

Abin ya faro ne yana ɗan shekara bakwai. Ta aike shi ɗibar ruwa a tsohuwar rijiyar bayan gidansu, ya fasa mata tulu. Maimakon ya dawo ya sha faɗa, sai ya miƙe a bakin rijiyar ya mutu. Mata suka taru, aka yayyafa masa ruwa, aka mintsine shi, aka ɗaga hannunsa aka saki ya faɗi yaraf. Tururuwa ta hau kuncinsa ta leƙa hancinsa ta fito, yaron nan ko gezau. Hajiya ta iso a guje ba ɗankwali, ta faɗi a kansa tana kuka tana cewa ta yafe tulun, ta yafe komai, Allah ya dawo mata da shi. Nan take ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Kaka, har da tulun?" Dukan da ya sha ranar ya fi na tulu uku, amma ita ce ta kwana biyu ba ta iya fita kasuwa ba don kunya.

Gidansu gidan fatauci ne. Kakannin Hajiya fataken goro ne da suka zauna a Salaga, ita kuma ta koma doya, tana da rumfa da abokan ciniki har Yendi. Burinta Abdul-Wadud ya gaje ta. Ya iya duba doya kuwa, yana ɗaga ta ya san mai ruɓa a ciki. Sai dai da mai saye ya juya baya, shi zai ɗauki tafiyarsa da tarinsa da yadda yake tayi, ya sa 'yan rumfa dariya har da hawaye. Wata rana ya kwaikwayi muryar Hajiya daga bayan buhuna, ya sa 'yan dako suka sauke mota guda a inda ba nan ba ne.

Yana ɗan shekara sha tara ya ce zai tafi Yendi koyon gyaran babur wurin wani Saaka. Hajiya ta dube shi ta ce, "Angona, babur ɗin nan yana da ƙafa nawa?" Ya ce biyu. Ta ce to, Allah ya sa. Wata huɗu ba a yi ba labari ya zo cewa Saaka yana da garejin babur, gaskiya ne, amma a bayan garejin yake tara matasa suna shirya fim da Dagbanci. Da farko buta Abdul-Wadud yake riƙewa a bayan sarki. Ranar da mai fitowa a gawa ya kasa daina ƙifta ido, shi ya ce a gwada shi. Ya kwanta, aka ɗauka sau ɗaya, mai kyamara ya matso ya taɓa wuyansa don ya tabbata.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Wani mai shirya finafinan Hausa a Bawku, Zibrim, ya ɗauke shi. Ya fara samun magana kafin ya mutu, sannan ya zama shi ne jarumin da ake bi tun farko ana tsoron ƙarshensa. Kafin ya cika ashirin da huɗu ya mutu a fim goma sha ɗaya, 'yan zango daga Walewale har Accra suna kiransa Wadud Gawa. Hajiya ba ta son sunan ko kaɗan. In aka yaba mata shi sai ta taɓe baki ta ce kowa da sana'arsa, nata jikan mutuwa ya zaɓa. A ɓoye kuma takan sa Taslima, matar ƙaramin ɗanta, ta kunna mata a waya, ta kalla har ƙarshe tana tsaki.

To, Hajiya tana da abu ɗaya da ba ta haɗa shi da komai ba. Shekarar da ta sauke farali ta sayi farin alawayyo a Makka, ta tsoma shi a ruwan zamzam da hannunta, ta shanya a saman masauki tana gadinsa har ya bushe. Likkafaninta ke nan. Yana can ƙasan adakarta da ƙwayoyin kafur, mabuɗin kuma a cikin wani tsohon kwandon goro na kakanta. Duk Juma'a in ta yi wanka takan buɗe, ta shafa shi, ta rufe. Ba ta da burin komawa Makka, ƙafa ta ƙi. Wannan ƙyallen shi ne rabonta na can da za ta shiga ƙasa da shi.

Abdul-Wadud ya zo Babbar Sallah ya yi kwana uku. Juma'ar da ta biyo, Hajiya ta buɗe adaka ta tarar da kafur a kan katako.

Ta zauna a bakin gado ta daɗe. Ta zargi kanta da mantuwa, ta zazzage ɗakin kaf. Ta zargi Taslima, ta kwana uku tana bin hannunta da ido, har baiwar Allah ta fara tambaya ko ta yi wani laifi ne. Amma kwaɗo ba a fasa ba, mabuɗi yana inda yake, kuma bayan ita mutum ɗaya ne a duniya ya san kwandon goron nan, don shi yake ɓoye alewa a ciki yana yaro. Ba ta gaya wa kowa ba. Da wane baki za ta ce jikanta ya sace mata likkafani? Shi kuma sai ya tsiri kira a waya kullum, yana tambayar ƙafa, yana tambayar ko ta sha magani. Wannan kulawar ce ta ƙara tsaya mata a rai, don ta san Abdul-Wadud ba ya ladabi a banza.

Bayan wata biyu sabon fim ya fito. Taslima ta kawo waya suna tsinke alayyafo a tsakar gida. Ga shi nan kwance, fuska fara fat kamar an shafa toka, aka ja farin ƙyalle aka rufe shi. Hajiya ta kai wayar dab da idonta. Fari dai fari ne, a cikin waya ba ka bambance na Makka da na kasuwar Bawku. Sai Taslima ta tuntsire da dariya.

"Hajiya, duba, gawa tana numfashi. Kowa na magana a kai. Wannan karo Wadud ya faɗi."

Gaskiya ne. Ƙirjin da ke ƙarƙashin ƙyallen yana rawa, kaɗan-kaɗan, kamar na mai danne dariya. Wato bai tsaya ga ɗauka ba, har dariya yake yi a ciki. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ya fita da faɗa. Ta miƙa wayar ta ce gobe za ta Yendi ganin wata abokiyar ciniki.

A Yendi ta sami Saaka a gareji, hannu duk baƙin mai. Ya durƙusa ya gaishe ta da Hausarsa ta zango, ya sa aka kawo benci. Ba ta tambaye shi kai tsaye ba, ta bi ta nesa kamar mai tayin doya. Ta ce su 'yan fim, ina suke samun farin da suke rufe gawa?

"Mma, wahala ne," in ji Saaka. "Mai shago in ya ji na fim ne, ba ya so. Ya ce muna kira mutuwa. Mu labule muke sa. Amma wannan sabo, Zibrim ya ce Wadud ya kawo nashi. Mai kyau sosai, har ƙanshi yana yi."

"Ƙanshin me?"

"Kafur, Mma."

Ta yi masa godiya, ta ƙi cin wasawasar da ya aika a sayo. Ta kwana gidan abokiyar cinikin don kada ta zama maƙaryaciya, da safe ta hau motar da ke bi ta Gushegu. Duk ramin da motar ta faɗa, sai ta ƙara shirya kalmar da za ta gaya masa.

La'asar sakaliya ta iso Bawku. Ba ta sha wahalar nema ba, sunan Wadud Gawa kawai ta faɗa aka nuna mata wani gida bayan kasuwar shanu. Yana tsakar gida da takarda a hannu yana bita da wasu. Da ya gan ta takardar ta faɗi.

"Amarya, ke ce da kanki? Kin biyo ango har..."

"Ina ɗakinka?"

Ya yi gaba ta bi shi. Ta zauna a kan kujera ɗaya da ke ɗakin, shi ya durƙusa. Ta zuba masa ido tana jiran hawaye, don ta san yana da su a aljihu, ta ga yadda yake zubo su a waya. Bai yi kuka ba. Ya jawo jaka daga ƙarƙashin gado, ya fito da ƙunshi a cikin sabon zane, ya ajiye a gabanta.

"Na ɗauka, Kaka. Na ce kwana huɗu in mayar, ba ki sani ba. Zibrim ya ce labule ya ishe mu, ni na ce ina so wannan ya fi na baya. Ba wanda ya sa ni."

"Ka ɗauka. Ka shiga ciki da ranka. Ka yi dariya a ciki duniya na kallo. Sannan ka riƙe wata biyu."

"Ba dariya ba ce."

Can ya ci gaba, idonsa a ƙasa, muryarsa ba hawa ba sauka.

"Da suka rufe ni sai na ji ƙanshin ɗakinki. Na ce wannan wurin da nake, nan za ki kwanta, haka za ki ga duhun nan, kuma ba wanda zai ce an gama ki tashi. Na yi na yi in tsaya, na kasa. Zibrim ya yi ta faɗa, rana ta faɗi, ba a sake ɗauka ba. Da na tashi na ga na ɓata shi. In na wanke, zamzam ya fita. In na kawo haka, kin gani. Shi ne na rasa yadda zan yi."

Magana ta yi daɗi, amma Hajiya ta san wa ke yin ta. Ta kwance zanen, ta warware alawayyon a kan cinyarta a hankali. Kusa da gefe ɗaya ga layi biyu masu launin toka, sirara, sun gangara sun baje. Ta auna tsakaninsu da yatsu biyu, ta kai yatsun kan idanunta, daidai. Duk da haka ba ta tsaya nan ba. Ta kai ƙyallen hanci ta shaƙa sosai, tana neman albasa ko man zafin da ta ji 'yan fim na shafawa a ido. Kafur ta ji, da toka, da ɗan man kaɗanya.

Sai rijiyar bayan gida ta faɗo mata. Yaron da tururuwa ta shiga hancinsa bai motsa ba, wanda ya mutu sau goma sha ɗaya ba a taɓa kama shi da ƙifta ido ba, shi ne ya kasa kwanciya minti biyu a cikin wannan ƙyallen, har garuruwa suna yi masa dariya. Tun yana shekara bakwai take neman ranar da za ta kama shi ba ya wasa, ashe ta kalle ta a waya ta ɗauka dariya ce. Tausayinsa ya kama ta, da kunyar abin da ta taho tana shiryawa a mota.

"Akwai mai zuwa Umara wata mai zuwa," in ji shi. "Na roƙe shi zamzam. In wanke, in sake tsomawa."

"Ba za a wanke ba."

Ta ninke alawayyon yadda ta saba, sai dai ta bar layukan nan biyu a sama. Ta ɗora yatsa a kai.

"Ranar, ka gaya wa Taslima nan ne wajen fuska. Kai kuma ka shiga ramin ka karɓe ni, kada ka bar wa kowa."

Ta sa ƙunshin a jakarta ta zuge. Washegari da zai raka ta tasha ya miƙa hannu zai ɗaukar mata jakar, ta maƙale ta a hammata ta ce a'a, ya dai riƙe mata butar alwalarta.