Na'ibi Mai Walda da Sabon Faifan Tsatsa

Na'ibi haifaffen Mahjar ne, a kudancin Jidda. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji, ya yi hajjin, ya yi aure, bai koma ba. Shi Na'ibi bai gaji komai na mahaifin ba sai faɗin ƙirji. Tun bai fara gemu ba ake kiransa filin mizmar, wasan sandar nan da samarin unguwanni suke yi ana kiɗa, wanda sau da yawa daga rawa yake rikiɗewa ya koma faɗa. In ya shiga fili, iyaye mata sukan fara neman 'ya'yansu. Karatu bai zauna masa ba, aka kai shi koyon walda a unguwar Khumra, a can ya zauna yana ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe.

A shekarar 1975, a wani biki da aka yi bayan la'asar a unguwarsu, aka kawo wasu samari uku su yi kiɗa. Othman ne mai jita, dako yake yi a tashar jiragen ruwa, a nan ya riƙa samun faifan garmaho a hannun Turawan jirgi har kiɗansu ya shiga jininsa. Abdulghani yana kaɗa fiyanon lantarki, shi ne kuma mai rerawa. Musbahu yana kan ganguna. Sun sa wa ƙungiyarsu suna Tsatsa, wai don duk abin da ya kwana a iskar Jidda sai ya yi ta. Kiɗan rok suke yi, amma ba na rawa ba. Waƙa ɗaya takan doshi rabin awa, ta fara a hankali kamar mai tafiya cikin yashi, ta zabura, ta sauya taki a inda ba a zata ba, baiti da Hausa, baiti da Larabci.

Tun ana tsakiyar waƙar farko wani ƙato, ɗan'uwan ango, ya miƙe ya ce biki aka zo ba zaman makoki ba. Ya ɗauki kujerar ƙarfe ya wurga, ta fasa wa Musbahu ganga. Na'ibi yana jingine da bango, baki sake, bai taɓa jin abu irin wannan ba. Ya taka har gaban ƙaton, ya sa masa goshi a hanci. Jini ya wanke farar rigar mutumin. Dangin ango suka taso masa, ya fizge sandar wani ya shiga cikinsu. Bikin ya watse da karyayyun kujeru da shinkafa a ƙasa. Na'ibi ya tofar da haƙori ɗaya, ya juya wurin Othman da ke maƙale da jitarsa a lungu.

"Ku ƙarasa mana," ya ce. "Ina so in ji yadda za ta ƙare."

Daga ranar ya zama mai tsaron ƙofarsu. Ba wanda ya ɗauke shi aikin, shi ya ɗauki kansa. Shi ke ɗaukar lasifika a ka, shi ya ƙera wa fiyanon ƙafafu, shi ke tsayawa a bakin ƙofa da guntun bututun ƙarfe a hannun riga. Da kiɗa a fili ya yi wuya a garin, sai suka koma hayar istiraha, irin gidan shaƙatawar nan na bayan gari mai doguwar katanga, ana sanar da juna baki da baki. Sun fitar da kaset huɗu, ana sayar da su ta ƙarƙashin tebur a wani shago a Sharafiyya. Na'ibi bai iya kaɗa ko gwangwani ba, amma ya haddace duk inda kowace waƙa take sauya taki, kuma duk wanda ya yi surutu a daidai wurin sai ya ji yatsu a ƙeyarsa.

Ya auri Mastura, 'yar wani tela a Mahjar, mace mai ƙarancin magana wadda ba ta taɓa ɓoye cewa kiɗan ciwon kai yake sa mata ba. Ta ƙware wajen fitar da jini daga farar riga da ruwan sanyi da gishiri. A 1986 wasu samarin wata unguwa, waɗanda ya taɓa hana su shiga, suka dawo da yawansu. Ya tare ƙofar istirahar shi kaɗai, ya kwantar da biyu, na ukun ya zagayo ta baya ya zuba masa ƙarfen ɗaga mota a kunnen hagu. Na'ibi ya durƙusa, ya miƙe, ya kama hannun yaron ya ɗora a kan dakalin ƙofa ya taka har ƙashin ya fito. A ciki kuwa Tsatsa ba su ma san abin da ake yi ba, suna ta kiɗa. Kunnen hagun bai sake ji ba. Hannun yaron kuma ya kai Na'ibi kurkuku, yana can aka haifa masa 'yarsa Zakiya. Tun daga nan ake kiransa Abu Zakiya.

Ƙungiyar ta watse a 1993. Musbahu ya rasu a haɗarin mota a hanyar Madina, sauran biyun kuma suka kasa zama inuwa ɗaya. Abdulghani yana so a gajarta waƙoƙi a shiga kiɗan biki, Othman ya ce gara ya koma dako. Ya koma ɗin. Na'ibi ya yi wata guda ba ya yi wa kowa magana, sannan ya ci gaba da waldarsa, kaset ɗin nan huɗu suna juyawa a tsohuwar rediyo da ya rataye ta ɓangaren kunnen dama.

Shekaru suka ja. Gemunsa ya yi fari, gwiwa ta fara ƙara. Sai a 2011 Zakiya, wadda take jin Hausa amma ba ta iya mayarwa sosai, ta miƙo masa waya tana yi masa bayani da Larabci. Wasu matasa sun tono tsofaffin kaset ɗin sun ɗora a intanet, mutane sun yi ca, har ana cewa Othman da Abdulghani sun shirya, suna haɗa sabon faifai.

Ranar Na'ibi bai ci abincin kirki ba. Ya riƙa zagaya tsakar gida yana dariya shi kaɗai. Amma kafin mako ya zagayo murnar ta fara tsami. Ya san ciwon suga ya cinye wa Othman jin yatsu, ya gan shi a masallaci yana fama da maɓallin riga. Ya san shisha ta dusashe muryar Abdulghani. Musbahu kuwa yana kabari, aka ce wai na'ura ce za ta yi gangar. In yana walda sai ya kashe wuta, ya ɗaga gilashin fuska, ya tsaya yana kallon ƙarfe. Za su iya kuwa? In suka fito da abin kunya, wa zai sake sauraron na da da mutunci?

Aka ce faifan zai fito bayan azumi, bai fito ba. Aka ce bayan hajji, shiru. Wata safiya a wurin mai shayi a Khumra, wani direban tirela, matashi mai kauri, ya ji ana zancen ya yi tsaki.

"Tsofaffin nan carbi ya kamata su riƙe, ba jita ba. Wallahi ko akuya aka shaƙe ta fi wannan Abdulghanin murya yanzu."

Na'ibi ya juyo da kunnen dama. "Me ka ce?"

"Ya ammi, baffa, ba da kai nake ba. Na ce sun ƙare, halas."

Butar shayin tana kan wuta, Na'ibi ya ɗauke ta da hannu ɗaya ya maka masa a kafaɗa. Direban ya kurma ihu, ya rarumo benci ya rafka masa a haƙarƙari. Suka kama juna suka faɗa kan teburin kofuna, suna birgima cikin fasassun gilasai, Na'ibi ya samu wuyansa ya riƙe har idanun yaron suka firfito. Mutum biyar ne suka ɓamɓare shi. Dattawan wurin suka shiga tsakani aka kashe maganar ba a kai ga hukuma ba.

A gida Mastura ta zaunar da shi tana zare masa gilashi daga gwiwar hannu.

"Abu Zakiya, me yaron nan ya faɗa da ba ka faɗa mini a ɗakin nan ba?"

Ta zare wani gilashin, ta ci gaba.

"Shekaranjiya da bakinka ka ce muryar ta tafi. To don ya faɗa a waje shi ne za ka kashe ɗan mutane? Jika gare ka fa yanzu."

"Ni in na faɗa, na san abin da nake faɗa," ya ce. "Shi bai taɓa jin su ba."

"To je ka ji su mana, ka huta, mu ma mu huta."

Ya bi maganarta. Ran wata Juma'a bayan la'asar ya tafi siton da suke gwaji, can ƙarshen Khumra, tsakanin wani garejin manyan motoci da wurin ajiye tayoyi. Othman ya rungume shi, ya rame har Na'ibi yana jin ƙasusuwan bayansa. Abdulghani ya yi ƙiba, ya rina gemu, yana zaune gaban kwamfuta da fiyanonsa a gefe.

"Yalla, ga mai ƙofa ya zo," in ji Abdulghani. "Zauna ka ji."

Suka fara. Farkon bai yi daɗi ba. Gangar na'urar tana tafiya daidai wa daida kamar injin niƙa, muryar Abdulghani tana kai wa rabin tudu ta dawo. Na'ibi ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Can sai fiyanon ya ja baya, jitar ta shigo ita kaɗai, ta hau, ta karkace, ta sauya taki a inda ba a zata ba. Tsigar jikinsa ta tashi. Su ne, wallahi su ne. Bai san ya miƙe tsaye ba. Sai kuma yatsun Othman suka sarƙe, sautin ya mutu. Ya sake ɗauka, suka sake sarƙewa.

"Bar shi haka," in ji Abdulghani, bai ko ɗago ba. "Wurin nan an riga an gama shi."

"An gama shi kamar yaya?" in ji Othman.

Abdulghani ya danna wani abu. Daga lasifika sai ga jitar tana fitowa tsaf, babu tuntuɓe, irin salon Othman sak, amma ba hannunsa ba.

"Wani Bamisire na ɗauko ya kaɗa wuraren da suke ba ka wahala. Sunanka ne zai fito a faifan, ba wanda zai sani. Ya akhi, mutane sun gaji da jira."

Othman ya zare igiyar jitar daga wuyansa a hankali. Ya kama ta ta wuya da hannu biyu, ya ɗaga ta sama ya nufi kan Abdulghani. Na'ibi ya yi tsalle ya shiga tsakani, katakon ya sauka a kunnensa na dama. Ya ji wani abu ya fashe a cikin kansa. Jikinsa ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi, kafin hankalinsa ya iso. Ya cafke hannun da ya doke shi, ya murɗe, ya buga a gefen teburin ƙarfe. Da idonsa ya washe sai ya ga Othman a durƙushe, baki buɗe yana ihu, hannun hagunsa yana lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasawa. Ihun kuwa bai ji shi ba. Jini yana bin wuyansa yana shiga riga, Abdulghani ya maƙale a bango.

Mota ɗaya ta kai su asibiti. Likita ya ce dodon kunnen ya fashe, kuma abin ya taɓa can ciki. Aka sa wa Othman ƙarafa a wuyan hannu, suga ya hana ciwon warkewa da wuri, yatsu biyu suka ƙage. Ba wanda ya kai ƙarar wani.

Na'ibi ya dawo gida da wani kuka a kai kamar na injin yankan ƙarfe, ba dare ba rana. Magana sai an yi masa ihu dab da kunne yake tsintar rabi. In ya juya da sauri jiri ya kwashe shi, sai ya dafa bango. Faɗa ya ƙare masa ke nan.

Faifan ya fito a tsakiyar 2012, waƙoƙi shida. Wasu suka yaba, wasu suka ce da an bar Tsatsa inda take. Zakiya ta sayo, ya karɓa ya juya shi gaba da baya, ya miƙa wa Mastura. Ta zauna a tsakar gida ta saurare shi tun daga farko har ƙarshe, fuska a ɗaure, shi kuma yana zaune yana kallon fuskarta. Da ya ƙare ta matso ta sa baki a kunnensa.

"Biyu suna da kyau! Ta uku da ta ƙarshe!"

"Sauran fa?"

"Hayaniya!"

"Biyun nan, wa ya kaɗa jitar?"

Ta ce ita ina za ta sani. Sai daga baya Zakiya ta binciko masa: ta ukun hannun Othman ne, an ɗauke ta tun kafin rikicin. Ta ƙarshen Bamisiren ne.

Ya yi kwanaki yana juya abin a ransa. Sannan wata safiya ya yanki guntun bututun ƙarfe daidai tsawon yatsa, ya goge bakinsa, ya wanke shi har yana ɗaukar ido, irin wanda masu jita suke zurawa a yatsa su riƙa jan sa a kan tsirkiya ba sai sun danna ba. Ya shiga motar haya zuwa gidan Othman, ya same shi a ƙofar gida a kan kujera, hannun a kan cinya. Ya yi sallama, ya ajiye masa ƙarfen a gwiwa.

Othman ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya ɗauka, ya gwada a ƙaramin yatsa, ya yi masa yawa, ya mayar a na kusa da shi, ya zauna daram. Ya faɗi wata magana mai ɗan tsawo. Na'ibi ya ga leɓɓansa suna motsi, bai ji ko kalma ɗaya ba, bai kuma ce ya maimaita ba. Othman ya tura masa wata kujera da ƙafa, ya leƙa cikin gida ya ce a kawo shayi.